Tafkinmu da Aka Zagaye da Waya

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya jikinka, ya Anti Rabi da yara? Muna lafiya, alhamdu lillahi.

Tafkin bayan Dutsen Abba, inda ka koya mini iyo, wani attajiri ya zagaye shi da waya, wai zai cike shi ya gina gidaje. Ranar Asabar na kai 'ya'yana. Maigadi ya ce, "Malam, an hana shiga." Na ce, "Ruwan sama ne ya tara shi, ba maigidanka ba." Na tuɓe riga, na tsallake wayar na faɗa ruwa, masunta suka biyo ni.

An kai ƙarata wurin mai unguwa. Zan je, amma ba zan ba da haƙuri ba. Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa. Asabar mai zuwa ma can za mu yini.

Ƙaninka,
Habibu, Tudun Wada