Na Ɗora wa Surukinta Laifina

Assalamu alaikum. Ina gaida mai kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku yanke mini hukunci ku bari in kai ƙarshe.

Shekarar da ambaliya ta cinye shinkafar Auyo, har marasa lafiya suka koma zuwa a kwalekwale, ina aikin jinya a wani asibiti a ƙasar Haɗeja. Mutanen ƙauye sukan neme ni da suna, saboda ina rubuta musu ƙa'idar shan magani da ajami a bayan kwali. Har na ɗauka babu wanda ya kai ni sanin mutanenmu. Astagfirullah.

Aka kawo wata tsohuwa Bafulatana mai ciwon suga, Dada. 'Ya'yanta maza sun kora shanu tudu, 'yarta tana jego, sai mijin 'yar, mu kira shi Buba, ya zama ɗan jinya. Gadaje sun ƙare, a baranda muka kwantar da ita, shi kuwa yana durƙushe daga gefe, kansa a ƙasa. Da safe na yi mata allurar suga, wadda dole a bi ta da abinci nan take, na ce, "Dada, sha kokonki." Ta ja mayafi ta ce, "Na ƙoshi, Malam." Na ce, "Ku dai Fulani, kunya za ta kashe ku," na yi gaba ina dariya. Kun ji? Da bakina na faɗi dalilin. Na san ba za ta kai loma baki a gaban surukinta ba ko yunwa za ta kayar da ita. Me zai rage ni in na ce, "Buba, ɗan zaga waje"? Sau biyu na wuce na ga kwanon a rufe, layi ya yi tsawo, na ce a raina in ta ji wuya za ta sha.

Kafin azahar sai ihun Buba: "Malam! Dada ba ta magana!" Na same ta sharkaf da gumi, ido a kafe. Na ɗura mata ruwan suga ta jijiya, Allah Ya dawo da ita. Likita ya zo a fusace, daidai lokacin da 'ya'yanta biyu suka iso da sandunansu. Ya ce, "Wa ya bar ta ba abinci?" Na ce, "Na gaya wa ɗan jinya ya ba ta, bai ba ta ba." Wallahi ban gaya masa komai ba. Buba ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ya mayar da kai ƙasa. Haka kuma na rubuta a katinta.

Makon jiya Dada ta zo da ƙwaryar man shanu, ta ajiye a gabana ta ce, "Kai ne sanadin numfashina, ɗana. Yau na sauke nauyinka." Na ce ina Buba? Ta ce tun ranar 'ya'yanta maza suka ɗauko 'yar'uwarsu da jaririn, sun rantse ba za ta koma gidan wanda ya bar uwarsu da yunwa ba. "Na ce musu ni ce ban ci ba. Suka ce malamin asibiti ba zai yi ƙarya ba."

Na karɓi man, har na yi godiya. Jaririn nan yanzu yana gudu, bai san ubansa ba. In na je rugarsu na faɗi gaskiya, maganar za ta kai asibiti, ga katin da sa hannuna, ga iyali ina ciyarwa. In na yi shiru, da wace fuska zan tsaya gaban Allah?

Jama'a, me zan yi?