Na Manta Ranar da Ni Na Zaɓa

Gwaggo, ki taimake ni, bakina ya ja min.

Ni ma'aikacin maɗaba'a ne, shekara goma sha ɗaya ina tsara kalanda. Da aka zo sa ranar aurenmu, ni na nace sai ashirin da tara ga Fabrairu, wai ni mai wayo: sau ɗaya a shekara huɗu za a tuna da ita, na huta. Matata ba ta yi musu ba. Ashe ƙirgawa take yi.

Bana ranar ta zagayo. Na dawo daga aiki hannu rabbana, tawada har gwiwar hannu, na tarar ta ci ado, ta kai 'yarmu gidan yayarta, ta fito da farantan da ba a taɓawa sai an yi baƙi. Na tambaye ta su wa za su zo. Ta nuna min kalandar bango, wadda ni na tsara da hannuna.

Mai hankali haƙuri zai ba da. Ni kuwa na gyara zama na hau karatu: cewa shekara tana da rarar kusan awa shida, ana tara su a yi yini guda, malamai suna kiran irin wannan shekara kabisa, daga kalmar Larabci mai nufin cusa abu a tsakani. Har abinci ya huce ina bayani. Yau kwana tara, daga gaisuwa ba ta ƙara komai. Kunya ta ishe ni, kuma ina tsoron ta ɗauka ban damu da ita ba.

Naka, Mai Wayon Banza

Ɗana, bayaninka daidai ne, wurin da ka yi shi ne ba daidai ba. Mantuwa ta ɗan Adam ce, kuma ita ma da ta ɗan tuna maka da safe da ba a kai nan ba. Amma ba mantuwar ce ta fi ƙona mata rai ba. Shekara huɗu ta jira kalma ɗaya mai daɗi, ka ba ta lacca.

Kada ka jira wata kabisar. Ɗauki hutun yini guda a makon nan, ka kai ta inda take so. Ka ce ka yi kuskure, sannan ka kama bakinka, ka bar ta ta yi magana har ta gama, ko da ta faɗi abin da kake ganin yana buƙatar gyara.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya huci zuciyarta.