Fitilar Tasha da Inuwar Baba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Yaya ƙaramar, ta fara takawa? Mu nan lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake, kuma kai ka ɓata shi. Tunda ka zama injiniyan hukuma ɗaukar waya ya yi maka nauyi, shi ya sa na koma takarda.

Fitilar sola da kuka kafa mana a tashar bas ta zama abin dariya. Da magariba ta kama, kafin isha ta mutu murus. Ka fi kowa sanin dalili. Lokacin da ka zo awo, bishiyar tashar ta kaɗe ganye ƙaf. Baba ya ɗago kai daga teburin gyaran agogonsa ya gaya maka da damina za ta rufe wajen, ka matsar da ƙarfen fitilar taku biyar. Ka yi murmushi, ka nuna masa takardar zane. To ga shi ganye ya dawo, farantin sola yana shan inuwa tun safe har yamma, da me batir zai cika?

Jiya wasu sun zo sun shafa wa bishiyar jan fenti. Mai sayar da jarida a tashar ya ce alamar sara ce. Don Allah ka ce min ba gaskiya ba ne.

Ka gaida mutanen gida.

Yayarka.

Auta,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar iyali, takardarka ta iso, na karanta ta sau uku don ko idona ne ke min gizo. Wato matsar da ƙarfen sai an fasa siminti, kuma sai ka rubuta wa manyanka cewa awonka ne bai yi daidai ba, ita kuwa bishiya ba mai tambayar ta. Kai, Auta! Ashe dai kunyar rubuta layi biyu ce.

Shekara talatin da ɗaya Baba yana zaune a gindinta. Nan ka yi rarrafe, nan ka haɗiye murfin agogon wani direba har muka kwashe ka sai asibiti. Wai za ka saya masa lema. Mutumin da idonsa ke zubar da ruwa in ya kalli gilashi cikin rana, shi za ka dasa ƙarƙashin lema a bakin kwalta?

Ba na ƙin fitila. Ni ce mai jiran bas ɗin asuba in tafi aiki, na san duhun wajen fiye da kai. Taku biyar kawai Baba ya roƙe ka. Har yanzu ban gaya wa Baba da sa hannunka a takardar saran ba, kada ka sa in gaya masa.

Allah Ya sa ka ji.

Yayarka.

Auta,

Ina gaishe ka don ba ni da yadda zan yi. Ina fata yara suna lafiya.

Ranar Talata suka zo da injin yanka. Ko awa biyu ba su yi ba. Baba da kansa ya tattara agogunan mutane a gwangwani, ya riƙe musu igiya ma, wai kada reshe ya faɗa kan farantin ɗansa. Ashe ya sani tun farko. Ni kuwa na tsaya ina zagin ma'aikata, alhali wanda ya kamata in zaga yana ofis cikin sanyin fanka.

Yanzu fitilarka tana ci har gari ya waye, sai ka rubuta wa manyanka. Da rana kuwa bencin ƙarfen tashar ba ya zaunuwa, fasinja sun koma jikin katangar kanti can gaba, direbobi ma can suke tsayawa. Baba ya gwada fita kwana biyu, ya dawo idonsa jawur. Teburin yana bayan ƙofa, na rufe shi da zane.

Ɗazu ya ga ina rubutu, ya hana ni faɗa maka magana mai zafi. Ya ce in shaida maka fitilar ta yi kyau, Allah Ya yi maka albarka.

To, na shaida maka. Wannan saƙonsa ne, ba nawa ba.

Yayarka.