Ƙanƙarar Inna da Masu Dubiya

Kurfai, 6 ga Afrilu

Baban Anisa,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya zaman Kwatano? Mu nan sai godiya, in ban da zafin bazara.

Na rubuto ne kan abin da ba ya faɗuwa a waya, mahaifiyarka na zaune gefena. An sallamo Inna daga likitar Filinge. Ciwon sukari ne, allura safe da yamma. Malama Ummul da ta duba ta ta koya mini yi, ta kuma ja kunnena cewa kwalbar maganin in ta sha zafi ta mutu, ko da ido bai ga canji ba. Ka san garinmu ba wuta. Don haka mai kabu-kabu ke kawo mana ƙanƙara dunƙule guda duk bayan kwana biyu. Nakan naɗe ta da buhu, in binne cikin ƙaiƙayi a cikin kular ajiye sanyi, kwalbar a gefe cikin tsumma. Da ƙyar take kai kwana biyun.

Matsalar masu dubiya ce. Tun hantsi suke shigowa, Inna kuwa ba ta yarda baƙonta ya sha ruwa mai ɗumi alhali da ƙanƙara a ɗaki. Kowa ya yi sallama sai ta ce in ɓantaro masa. Wai laifin babba rowa. Ni surukuwa ce, ina zan sa baki? Don Allah ka yi mata magana.

Anisa na gaishe ka.
Taka, Lantana

Kurfai, 21 ga Afrilu

Baban Anisa,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikinka da gajiya?

Na ji maganar da ka yi wa Inna, in har sunanta magana. Ta yi dariya, kai ma ka yi, aka koma zancen irin gero.

Ran Talata mata sama da goma suka zo a tare. Inna ta ce ɓantare-ɓantaren ya isa, a jefa dunƙulen gaba ɗaya cikin randa, kowa ya ɗiba, kwalbar ma a rataya ta ciki. Na jefa. Na tsaya ina kallon ƙanƙarar tana yawo a saman ruwa tana ramewa, kafin azahar ko alamarta babu. Kwana ɗaya da yini maganin ya yi a zafi, ni kuma na ci gaba da yi mata shi, don ban da wani.

Yanzu ƙishirwa ba ta barin ta, fitsari ba iyaka, ga gyambo ya buɗe a ɗan yatsan ƙafarta. Da muka koma Filinge, ni Malama Ummul ta yi wa faɗa, ba Inna ba. Ta ce ruwa ya fi iska saurin cin ƙanƙara nesa ba kusa ba. Wai ƙanƙara ba ta nutsewa, ruwan da ya yi sanyi ya gangara ƙasa, mai ɗumi ya taso ya same ta, haka har ta ƙare. Kuma duk ɓantara ɗaya ƙofa ce na buɗe wa zafi. Ta ba mu sabuwar kwalba, ta ce in wannan ma ta lalace, ƙafar ce za ta biya.

Na gaji, Baban Anisa. In na bi Inna na cuce ta, in na ƙi na zama marar kunya.

Taka, Lantana

Kurfai, 12 ga Mayu

Baban Anisa,

Ina gaishe ka, ina fatan wasiƙar nan ta same ka lafiya.

Ƙila labari ya riga ni zuwa. Gaskiya ne. Kawu Baƙo, yayan Inna, ya taso tun daga Bonkuku cikin rana, ya iso leɓensa a bushe. Inna ta ce in ɗauko ƙanƙara. Na durƙusa na miƙa masa ruwan randa, na ce babu. Ta maimaita, na maimaita. Kular tana ɗakina, na sa kwaɗo, makullin na bakin zanena. Kawu ya sha rabi ya ajiye. Har yau in na tuna fuskarsa sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tun ranar haka nake yi wa kowa. A rijiya sunana marowaciya, masu dubiya sun ragu. Inna ba ta amsa gaisuwata, hannu kawai take miƙo mini lokacin allura, fuska a bango.

Gyambon ya kama bushewa. Jiya ta tashi da ƙafarta, ba sanda, ta taka har gidan Maigari ta kai ƙarata, ta kuma dawo tana faɗa tun daga bakin hanya. Ina cikin madafa ina jin muryarta garau, na zauna na yi kuka, don rabon da ta yi ƙarfin zagin mutum tun kaka.

Maigari ya ce sai ka zo a zauna. To ka zo. Duk abin da kuka yanke a kaina na ɗauka, amma makullin ba zan bayar ba.

Ka huta lafiya.
Taka, Lantana