Jikana Na Kwalba, Kifin Surukina Na Hannuna

Na yi jika. Namiji ne, autata ce ta haife shi, kuma shi ne na farko bayan dogon jira. Ki yi haƙuri, Malama, albishir ya riga sallama fita. Assalamu alaikum. Ki taimake ni, don murnar nan tawa da tsoro take tafe, kuma na rasa wanda zan gaya wa. Idan kin ga rubutun ya karkace, da furfurata na shiga ajin yamma na koyi riƙe biro. Ƙuruciyata a bayan sitiyarin motar kaya ta ƙare.

Yaron bakwaini ne. Yana asibiti cikin kwalba, da 'yar roba a hanci, ta gilashi kawai ake bari in leƙa shi. Tafin ƙafarsa bai kai babban yatsana ba. Uwarsa na can, uban ma ba ya matsawa daga bakin ɗakin, sai ya aiko mini da mabuɗin gidansu, wai in riƙa duba masa kifinsa. Surukin nan nawa mutum ne mai kunya. Tun da ya auri 'yata ko allura bai taɓa roƙona ba, wannan ce amana ta farko da ya ba ni.

Akwatin gilashi ne a falo, bai kai kamu biyu ba, da ƙananan kifaye masu jela kala-kala. Akwai wani inji maƙale a gefe, yana tsotsar ruwa ta bututu mai tsaga-tsaga, ya tace, ya zubo shi ta sama. Washegarin haihuwar na je ba su abinci, sai na ga wasu abubuwa suna wutsil-wutsil a ƙasa, kamar ƙwayar shinkafa mai idanu. Ashe wata mai ƙaton ciki ce ta sauka. Ni duk zatona kifi ƙwai yake yi. Na tsaya ina dariya ni kaɗai, na ce haihuwa biyu a gida ɗaya.

Dariyar ba ta yi nisa ba. A kan idona ɗaya ya matsa kusa da bututun, inji ya zuƙe shi. Ban yi wata-wata ba na zare waya daga bango. Da na ba tsohuwata, kakar yaron, labari, ta ce ai mai jego sai da ci, in daina yi wa baiwar Allah rowa. Na riƙa zuba abinci safe, rana da yamma, ba awo. Yanzu ruwan ya yi fari-fari, yana wani ƙarni, manyan sun taru a sama suna buɗe baki kamar masu haki. Abin da ya fi kashe mini jiki, na ga uwar da kanta ta haɗiye ɗanta guda, ta wuce abinta.

Na je wurin mai shagon kifi. Ya nuna mini inji biyu, wani babba mai ƙarfi, da wani da ban ga komai a jikinsa ba sai soso da kumfar iska. A sanina na direba, babban inji shi ke hawa tudu, amma ƙaramin ma da ke gida ya ci mini ɗa, ina ga babba? Na fito ban sayi ko ɗaya ba. In na kunna, ƙanana su tafi. In na bari a kashe, manya na haki.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Duk safiyar da na tarar 'ya'yan kifin sun ragu, gabana faɗuwa yake har in isa asibiti. Na san camfi ne, ina istigfari, amma zuciyata ta ɗaure su da yaron, na kasa kwancewa. Surukina kuwa in ya tambaya, sai in ce lafiya lau, in kau da kai. Da wane ido zan dubi mutumin da ke tsaye a kan ɗansa in ce masa na ɓata masa kifi?

Ki ba ni shawara. In Allah ya sa aka sallamo abokin nan nawa, ke da masu karanta filin nan duka ku zo ku gan shi, ku ga 'yan kifin da suka rage. Gidan ƙarami ne, amma za mu matsa.

Sabon kaka

*

Wa alaikumus salam, Baba. Barka da arziki, Allah ya raya mana abokinka.

Mu fara da ruwa, don shi ba ya jira. Tausayinka daidai ne, bututun nan yana zuƙe ƙanana. Amma injin shi ne huhun akwatin, shi ke motsa ruwa iska ta shiga, kuma a sosonsa na ciki ƙwayoyin da ke cinye dattin kifi suke zama. Yau ɗin nan ka ɗebe kashi ɗaya cikin uku na ruwan, ka tsotse ragowar abincin da ya kwanta a ƙasa. A cikin ruwan da ka ɗebe za ka ɗauraye soson injin, ban da sabulu, ban da ruwan zafi. Ka cike gurbin da ruwan da aka ɗiga wa maganin ruwan famfo, mai shago ya san shi, kada ya fi na ciki sanyi ko ɗumi. Sannan ka rufe bakin bututun da guntun sabon soso ko siririyar safa mai tsabta, ka ɗaure da roba, ka kunna. Ka maimaita canjin ruwan kullum har manyan su sauko daga sama.

Ka gaishe mini da Mama, ka ce mata wannan mai jegon azumi za ta yi na kwana biyu. Bayan nan abin da za su cinye nan take kawai za ka ba su, na ƙanana ka murje shi da yatsa ya zama gari.

A shago, mai soson nan da ka raina shi ne naka. Ba ya zuƙar kowa, ruwansa a hankali yake tafiya, kuma ya ishi ƙaramin akwati. Ka haɗa shi da tsohon su yi aiki tare na wasu makonni. Ka sayo ciyawar ruwa mai duhu, ƙanana su sami maɓoya. Uwar ba muguwa ba ce, irinsu ba sa gane 'ya'yansu, shi ya sa suke haihuwa da yawa, kuma kusan duk wata. Ko a hannun gwani wasu sai sun tafi. Nan gaba ma yawa ne zai dame ku, sai an raba maza da mata.

Saura babbar magana. Baba, kifin nan ba su san an yi haihuwa a asibiti ba. Yawan abinci da rashin iska ne ke rage su, kuma ka ga maganinsu a hannunka yake. Yaron kuwa yana hannun Allah da na likitoci. Ina ganin don an hana ka yi masa komai ne ka juye duk fargabarka a kan akwatin. Idan gabanka ya faɗi, ka tambayi masu jinyarsa yadda ya kwana, su ne za su ba ka labarin gaskiya.

Surukinka kuma ka gaya masa, bayan ka gyara ruwan. Kunyarka na da dalili, amma ya fi masa sauƙi ya ji daga bakinka da ya dawo ya gani da idonsa. Mai kiwon kifi ya sha ganin irin wannan, kuma zan yi mamaki in bai ji daɗin samun wata hirar da ba ta asibiti ba.

Na karɓi gayyata. Allah ya ƙara wa yaro ƙarfi, ya ba uwarsa lafiya, ya nuna maka ranar da za ka ɗauke shi a hannunka.