Zanen Gadona a Gindin Gwaiba

Anti, don Allah ki agaza mini. Dariya nake yi, amma raina ba daɗi.

Maigidana yana da lambun gwaiba. Bara wani ɗan ƙwaro mai dogon baki ya addabe mu, ya huda gwaiba ya zuba ƙwai, kina ɓarewa sai tsutsa. Bana malamin gona ya koya masa dabara: da sassafe a shimfiɗa farin ƙyalle a gindin bishiya, a girgiza rassa. Ƙwarin sai su zubo su yi lamo kamar matattu, a ga yawansu, a juye su cikin ruwan sabulu.

To Anti, farin ƙyallen da bawan Allahn nan ya samo, zanen gadona ne! Na yi ta cigiya, har mai wanki na zarga. Ranar da na kai masa abin kari, sai ga zanena a ƙasa, shi kuma da furfurarsa ya rungume reshe yana ta jijjiga. Da faɗa na nufe shi, wallahi dariya ta ƙwace mini. Ƙarshe ni na riƙe masa gefen zanen, kullum kuma tare muke zuwa. Rabonmu da dariya haka tun yara suna gida. Gwaiba kuwa ta yi kyau, alhamdu lillahi, masu saye har rububi suke.

Yanzu zanen ya yage, ya ƙyalla ido kan wanda ya rage, wanda marigayiya mahaifiyata ta yi wa ado da hannunta. Na hana, ya yi shiru, kwana biyun nan shi kaɗai yake tafiya lambu. In ba shi ne?

Matar Mai Lambu

'Yar'uwata, kada ki ba shi. Zanen mahaifiya ba na gindin bishiya ba ne. Amma ki faɗa masa dalili a fili, don wataƙila a wurinsa farin ƙyalle duk ɗaya ne. Shi ma yana da gaskiyarsa: in ya daina dubawa, ƙwarin za su dawo ba sallama. Ki sayo masa farin yadi mai araha, ki kuma tuna masa ya riƙa tsince gwaibar da ta faɗi yana binnewa da zurfi, don a cikinta tsutsar take girma.

Sai dai ina zargin shirun nan ba na zane ba ne. Mai riƙe masa gefen zane ya rasa, wato ke. Gobe da sassafe ki kai yadin da kanki, kada ki aika.

Allah ya ƙara wa lambu albarka, ya bar ku tare.