Sunan da Ke Cikin Faifai

Nahuce, Bungudu
9 ga Maris, 1999

Zuwa ga yayan Suwaiba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maigidanka na shagon kaset. Da hannuna nake rubuta wannan, sai ka yi haƙuri da karkatar layi. Malamar yaƙi da jahilci ta ce a fara wasiƙa da sunan mai ita. Na ce mata ɗan fari ne, bakina bai taɓa kama sunansa ba, alƙalamina ma ba zai kama ba. Ta yi dariya ta ƙyale ni.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Suwaiba ta dawo daga Gusau, ta ce ta ji muryata a tashar mota, waƙar niƙan nan ta mai jaki gurgu. Na ce ƙarya ne, ta rantse. Bara da kaka da ka ajiye rikoda kusa da dutsen niƙa, ba cewa ka yi don ka riƙa saurare in kewar gida ta kama ka ba? Ka san wanda nake tsokana a ciki. Babanka ne, ranar da ya zo zance 'Yandoto jakinsa ya kwanta a ƙofar gidanmu ya ƙi tashi. Shi bai taɓa jin ta ba, sai ya fita nake yi. Ladan ne, mutane na ganin girmansa.

Ka gaya mini gaskiya. Allah ya tsare.

Innarka, Yelwa

Gusau
20 ga Maris, 1999

Inna,

Ina gaishe ki da ladabi, a gaishe mini da Baba. Rubutunki ya yi kyau, har maigidana Alhaji Sabiru na nuna wa saman takardar.

Gaskiya ne, muryarki ce. Alhaji ya ji kaset ɗin ya ce bai taɓa jin irinta ba. Muka haɗa da waƙoƙin wasu mata, muka kai Legas aka buga a faifan sidi, wannan mai ƙyalli kamar madubi. Amma ki kwantar da hankalinki. A jikin kwali hoton dutsen niƙa ne kawai, babu sunan kowa. An sa kalangu a ƙasan muryar, ko Baba ya ji ba zai gane ba. Kuma Inna, wa ke da abin kunna sidi a Nahuce?

Ɗanki,
Mahadi

Tsafe
4 ga Afrilu, 1999

Zuwa ga yayan Suwaiba,

Ina gaisuwa. Daga Tsafe nake rubutowa, don na kasa jira in koma gida.

Mun zo suna gidan Hajiya Maimuna, mota guda da matan Nahuce. Mijinta ya sayo wata babbar rediyo a Jidda, aka fito da ita tsakar gida don baƙi su gani. Suka sa faifanku. Na sunkuyar da kai ina ta gyaran ɗankwali. Da aka zo kan mai jaki gurgu mata suka riƙa faɗuwa da dariya. Amina, matar mai unguwarmu, ta ce, “Wannan mata ba ta da dama! Ko mijin wa aka yi wa haka? Ni fa muryar kamar na san ta.” Na ce a raina, yaro ya ce babu suna.

Akwai wani ɗan gilashi a goshin rediyon, koren rubutu yana tafiya a ciki. Hajiya ta ce, “Yelwa, ke da kika yi boko da furfura, zo ki karanta mana.” Aka matsa mini wuri. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi. Na tashi na duƙa a gabansa.

Ka san yadda nake karatu, harafi bayan harafi, ba na sanin kalma sai na gama furta ta. Da ƙarfi na karanta, don na baya su ji. Yel-wa. Ja-tau. Na-hu-ce.

Muryata kuwa tana ta zagin jaki a cikin rediyon. Amina ta ce, “La'ila! Ladan?”

Ka ce babu suna. Ni ce na faɗa da bakina, a gaban matan garinmu. Ta yaya sunana ya shiga cikin rediyon mutumin da bai san ni ba? Gobe mota guda za mu koma.

Innarka

Gusau
10 ga Afrilu, 1999

Inna,

Ina durƙuso, ina gaishe ki. Tun da na karanta takardarki ban iya cin abinci ba.

Sunan ba a cikin rediyon yake ba, a cikin faifan yake. A Legas mai aikin ya ce kowace waƙa ana saka mata lambarta da sunan mai ita a ciki, inda ido ba ya gani, don kada wani ya kwafa ya ce tasa ce. Ya tambaye ni sunan da za a sa. Alhaji Sabiru ya ce a sa nasa a kan duka. Na ƙi, Inna. Waƙarki ce, ban yarda a kira ta da sunan wani ba. An ce mini sai wata irin rediyo mai tsada ce ke nuna rubutun, na ɗauka ba za ta zo ƙasarmu ba. Shi ya sa na yi shiru da kika tambaya.

Ba ya goguwa, kuma faya-fayan sun riga sun watsu har Sakkwato. Ina so in zo ran Juma'a ta sama in yi wa Baba bayani da kaina. Ki ba ni izini.

Ɗanki mai neman gafara,
Mahadi

Nahuce
18 ga Afrilu, 1999

Zuwa ga Mahadi,

Na ga takardarka. Ka tambayi mutumin Legas, ka yi gardama da Alhaji. Ni mai waƙar ce ba ka tambaya ba.

Yara sun koyi amshin. Shekaranjiya babanka ya fito kiran sallar La'asar, suka rera masa daga bayan katanga. Ya juyo gida. Yanzu mataimakinsa Rabi'u ke kiran salla. Ko faɗa bai yi mini ba. Yana cin tuwona, yana cewa an gode, kamar baƙo.

Na kifar da dutsen niƙa. Suwaiba ke kai hatsi inji.

Kada ka zo ran Juma'a.

Ka duba saman takardar nan. Ba kuskure na yi ba, na iya harufan tun a watan farko. Kunyarka ce ta hana ni rubutawa.

Allah ya kiyaye ka, Mahadi.

Yelwa